Shin hasken leza na iya sa ƙarfe ya kama a wuri guda kaɗai? Amsa ga mai sana'ar ruwan gwal

Wani bawan Allah da ke sana'ar yi wa zobba da sarƙoƙi da ƙananan kayan lantarki ruwan gwal ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji labarin ana haska leza a kan ƙarfen da ke nutse cikin ruwan sinadari, sai zinariya ko jan ƙarfe ya kama a daidai inda hasken ya sauka kaɗai, ba tare da an liƙe sauran jikin da salatif ko fenti ba. Yana so ya san ko gaskiya ne, da yadda abin yake aiki, da kuma ko injin leza na zana suna da ke shagonsa zai iya wannan aikin.

Malam, labarin da ka ji gaskiya ne, kuma fasahar ta haura shekara 40 a duniya. Sai dai akwai gyara ɗaya da nake so ka riƙe tun daga farko, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Leza ba ta ɗauke da ƙarfe, ba ta narka shi, ba ta kuma manna shi. Ƙarfen yana cikin ruwan kamar yadda ka saba, kuma lantarki ne yake sauke shi. Abin da leza take yi shi ne ta dumama ɗigo guda ƙanƙane a fuskar abin da ake rufewa, zafin nan kuwa ya sa aikin ya yi sauri a wurin fiye da ko'ina a kewayensa.

Kafin a gane inda zafin yake taimakawa, sai an san abin da yake daƙile saurin rufi a baho irin naka. Tun a shekarun 1830 Michael Faraday ya nuna cewa nauyin ƙarfen da ya kama yana tafiya daidai da yawan lantarkin da ya ratsa. Idan ampiya 1 ta yi awa 1 tana ratsa ruwan salfet na jan ƙarfe, wato shuɗin ruwan nan da ka sani, kusan giram 1.19 na jan ƙarfe ne zai sauka. In aka baza wannan a kan faranti mai faɗin santimita 10 da tsawon santimita 10, kaurinsa zai kai kimanin maikuromita 13, alhali maikuromita 1 kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Da ganin wannan lissafi mutum zai ce ai shi ke nan, a ƙara wuta kawai aiki ya yi sauri. Amma kai da kake bakin baho kullum ka san ba haka abin yake ba, domin da zarar ka wuce wani mizani sai rufin ya yi baƙi, ya yi garas-garas kamar gari, kumfa ta riƙa tashi daga jikin kayan, ka ce ya ƙone. Dalilin shi ne, a manne da fuskar ƙarfen akwai wani siririn ruwa da ba ya motsi ko da ana juya bahon. Ƙwayoyin ƙarfen da ke narke a cikin wannan siririn ruwa su ne suke fara kamawa, waɗanda za su maye gurbinsu kuwa sai sun ratso shi sannu a hankali daga cikin bahon. Idan wutar da aka ba da ta fi abin da ƙwayoyin ke iya isowa da shi, ragowar sai ta koma fasa ruwa tana fitar da iskar haidurojin. A ruwan da ba a juya shi, kaurin wannan shinge kan kai wani ɓangare na milimita, kuma iya yadda aka rage kaurinsa, iya yadda za a iya ƙara wuta ba tare da rufin ya ƙone ba. Shi ya sa ake hura iska cikin baho, ake girgiza kaya, ake kuma dumama ruwan.

A shekarar 1979 wasu masu bincike a cibiyar Thomas J. Watson ta kamfanin IBM da ke Yorktown Heights a jihar New York ta Amurka, ƙarƙashin Robert von Gutfeld, suka wallafa sakamakon da ya buɗe wannan fage. Sun tattara hasken leza a kan sandar da ƙarfe ke kamawa, suka ga saurin rufin a inda hasken ya sauka ya kai ninki 1,000 na wurin da ba a haska ba. Sun gwada da nikel da jan ƙarfe da zinariya, kuma ta hanyar tafiyar da hasken sun zana layukan ƙarfe masu faɗin 'yan maikuromita, wato sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Lokacin ma ya dace da buƙata. Zinariyar da farashinta na hukuma yake dala 35 kan oza ɗaya har zuwa 1971 ta kai dala 850 a watan Janairun 1980, kamfanonin kwamfuta kuwa suna zuba ta a kan miliyoyin ƙananan haƙoran haɗa waya, alhali ɗan wurin da haƙori ke taɓa ɗan'uwansa kaɗai ne yake buƙatarta.

Bayan shekara biyu, a 1981, Puippe da Acosta da von Gutfeld suka bi diddigin abin da ke haddasa wannan sauri, suka rarrabe dalilai uku. Ba nauyinsu ɗaya ba, don haka ba zan ba su fili ɗaya ba.

Mafi sauƙin fahimta shi ne cewa zafi yana gaggauta musayar lantarki tsakanin ƙarfe da ƙwayoyin da ke cikin ruwan, kamar yadda yake gaggauta kusan kowane haɗin sinadari. Wannan ka san shi, tun da ka san bambancin baho mai ɗumi da mai sanyi a safiyar hunturu.

Na biyu shi ne mai ƙarfin, kuma shi ne ke kai saurin ga ɗaruruwan ninki. Ka ɗauka ɗigon da aka haska bai wuce faɗin gashi ba, amma ya kusa tafasa, alhali ruwan da ke nesa da shi da milimita ɗaya yana nan da sanyinsa. Ruwan da ya ɗumama yana yin sama, mai sanyi yana kwararowa ta gefe ya cike gurbinsa, sai a samu ɗan ƙaramin guguwa a daidai kan ɗigon. Idan aka ƙara ƙarfin hasken har wurin ya fara tafasa, ƙananan kumfa sukan tashi su fashe sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kowace fashewa tana tsinka siririn ruwan nan da ya zama shinge tana kawo sabon ruwa mai cike da ƙwayoyin ƙarfe. Wato leza ta zama muciya, amma muciyar da ke tuƙa wurin da bai kai kan allura ba ta bar sauran tukunyar a kwance. Idan mutum ya leƙa ta madubin ƙara girma, ta bayan gilashin da ke tace hasken, zai ga ruwan yana rawa a kan ɗigon irin rawar iska a kan kwalta da tsakar rana, ƙananan ƙura da ke yawo a ruwan suna shiga ta ƙasa suna fita ta sama. Babu injin juya baho da zai iya yin haka a wuri ƙanƙane kamar wannan.

Na uku shi ne wanda ya fi burge ni, domin yana sa ƙarfe ya kama ko da an cire batir gaba ɗaya. Duk ƙarfen da aka tsoma a ruwan sinadarin da ke ɗauke da narkakkun ƙwayoyinsa yana da wani matsayi na lantarki da yake tsayawa a kai, kuma wannan matsayi yana sauyawa da zafi. Ga jan ƙarfe a ruwan salfet, ɓangaren da ya fi zafi shi ke zama wurin da ƙarfe ke kamawa, mai sanyin kuma ya zama wurin da ke zagwanyewa. Kana iya ganin wannan da idonka ba tare da leza ba. Ka zuba shuɗin ruwan a kofi biyu na gilashi, ka haɗa su da tsumman da ya jiƙe da ruwan, ka tsoma wayar jan ƙarfe a kowanne, ka sa kofi ɗaya cikin ruwan zafi, sannan ka ɗora mita a kan wayoyin biyu. Za ka ga ta nuna 'yan milibolt, ɓangaren zafin yana sama. Bambancin bai kai milibolt 1 a kowane digiri ba, amma idan tazarar zafin ta kai digiri 60 ko 70 ya isa ya tura lantarki. To, a kan faranti guda da aka haska, ɗigon mai zafi da kewayensa mai sanyi sun zama batir a karan kansu, kuma jikin farantin shi ne wayar da ta haɗa su. Jan ƙarfe yana zagwanyewa kaɗan kaɗan daga fili mai faɗi, yana taruwa a kan ɗigon. Tun da filin sanyin ya ninka ɗigon dubban sau, abin da ya rasa ba ya ko ganuwa, amma idan rufin jan ƙarfen da ke ƙasa siriri ne ƙwarai, akan ga zoben da ya cinye a kewayen tudun da ya taru. Amfanin wannan hanya shi ne babu rufin da ke sauka a inda ba a haska ba, illarta kuwa ita ce saurinta bai kai na wadda aka haɗa da wutar waje ba.

Akwai togaciya guda. Idan abin da ake rufewa silikon ne ko danginsa, hasken kansa yana sakin lantarki a cikinsa, don haka a can aikin ba na zafi kaɗai ba ne. Wannan bai shafi zobe ko sarƙa ba.

Yanzu sai mu zo inda gizo ke saƙar, wato inda zafin yake tafiya. Gwaje-gwajen farko da suka ba da ninki mai ban mamaki an yi su ne a kan gilashin da aka shafa wa siririn ƙarfe, har a wasu lokuta ana haskawa ta bayan gilashin don kada hasken ya ratsa ruwan. Gilashi ba ya tafiyar da zafi, don haka duk zafin da ya sauka yana nan zaune a ɗigon. Jan ƙarfe kuwa yana tafiyar da zafi kusan ninki 400 na gilashi, azurfa ma ta ɗan fi haka, zinariya tana biye da su. Idan ka haska irin wannan leza a kan zoben azurfa mai kauri, zafin zai bazu cikin jikin zoben nan take, wurin ba zai yi zafin da ake so ba, in kuma ka ƙara ƙarfi har ya yi, to faɗin wurin da ya ɗumama zai fi ɗigon hasken nesa, iyakar rufin ta dushe. Wani abin kuma, rufin da kake ginawa shi kansa yana sauya lissafin yayin da yake girma: da zarar jan ƙarfe ko zinariya ta taru, sai ta riƙa mayar da hasken tana kuma janye zafin zuwa gefe. Shi ya sa layin da aka zana da leza yakan fi ɗigon hasken faɗi, kuma mai aikin dole ya daidaita saurin tafiyar hasken da ƙarfinsa ga kowane irin kaya daban.

Launin hasken ma ba a zaɓarsa da ka. Dole ne ruwan ya bar shi ya wuce, ƙarfen kuma ya sha shi. Ruwan salfet na jan ƙarfe yana shan jan haske da wanda ke gaba da ja wanda ido ba ya gani, yana barin shuɗi da kore su wuce, shi ya sa muke ganin sa shuɗi. Jan ƙarfe da zinariya kuwa suna mayar da kusan duk hasken da ke gaba da ja, amma suna shan kaso mai yawa na shuɗi da kore. Wannan ne ya sa masu binciken IBM suka dogara da lezar iskar argon, mai fitar da shuɗi da koren haske a nanomita 488 da 514, nanomita kuwa ma'aunin da ake bambanta launin haske da shi ne. Ita kuwa wannan leza mai cin wuta ce ƙwarai, abin da take mayarwa haske bai kai kashi 1 cikin 1,000 na wutar da take sha ba, sauran duk zafi ne da sai an bi shi da ruwan sanyaya. A yau koren haske na nanomita 532 daga ƙananan lezoji ya ɗauke mata wannan nauyi.

A 1983 von Gutfeld da abokan aikinsa, cikinsu har da Lubomyr Romankiw, suka ƙara wata dabara da ta magance matsaloli biyu lokaci guda. Maimakon a nutsar da kayan cikin baho, sai aka riƙa feso ruwan sinadarin ta siririn bututu a kan wurin da ake so, aka kuma bi da hasken leza ta cikin tsakiyar ruwan da ke fesowa. Igiyar ruwan tana riƙe hasken a cikinta kamar yadda zaren gilashi na intanet yake yi, ita ce kuma hanyar da lantarkin ke bi, saboda haka rufin ba ya fita daga inda ruwan ya doka. Ƙarfin feshin yana share shingen nan na ruwa mara motsi, leza kuma tana ba da zafi. Da wannan suka sauke zinariya da saurin kimanin maikuromita 10 a daƙiƙa ɗaya, alhali a bahon da aka saba ana maganar ƙasa da maikuromita 1 a minti. Abin da ya fi saurin muhimmanci a ganina shi ne ingancin: feshi kaɗai ba tare da leza ba yakan ba da zinariya mai tsagewa da ramuka a irin wannan sauri, da aka haɗa da zafin leza sai ta fito a cure, ta kuma kama jikin ƙarfen da kyau.

To, in abin ya kai haka, me ya sa ba a ganin sa a kowace masana'anta? Lissafi ne ya hana. Mu ɗauka ɗigon yana da faɗin rabin milimita, kuma ana son kaurin maikuromita 1, wanda zai ɗauki kashi ɗaya cikin 10 na daƙiƙa. Farantin nan namu na santimita 10 yana ɗauke da irin wannan ɗigo kusan 50,000, wato daƙiƙa 5,000, fiye da awa ɗaya da minti 20. Bahon da aka saba zai rufe farantin gaba ɗaya a 'yan mintoci, tare da wasu faranti da dama da aka rataya a gefensa. Leza tana aiki ne ɗigo bayan ɗigo kamar mai ɗinkin hula da allura, baho kuwa kamar marini ne da ke tsoma turmi guda a lokaci ɗaya. Saboda haka lokacin da IBM ɗin kanta ta fara sa wayoyin jan ƙarfe a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta a 1997, ba leza ta bi ba, ta zana ramukan da wayoyin za su kwanta a ciki ne da hoto, ta cike su duka a baho. Inda kwalliyar leza ke biyan kuɗin sabulu shi ne wurin da ake so ƙanƙane ne, ƙarfen mai tsada ne, ko kuma gyara ake yi, misali haɗa layin da ya yanke a kan allon lantarki mai daraja wanda ba a so a jefar. Abin da ya fi samun kasuwa ma wani ɗan'uwan fasahar ne, inda leza ke fara zana hanya a busasshen jikin roba ta musamman, daga baya a tsoma a ruwan da ke sauke jan ƙarfe ba tare da wuta ba, ƙarfen ya bi inda aka zana kaɗai. Kamfanin LPKF na Jamus ya yi suna da wannan, kuma da ita aka yi eriyar wayoyin hannu masu ɗimbin yawa.

Game da injin da ke shagonka, amsar ta danganta da irinsa. Idan mai bututun iskar kabon ne, wanda ake yanka katako da roba da shi, ka cire shi daga lissafi, domin haskensa na nanomita 10,600 ruwa yana shanye shi tun a fatar sama, ba zai isa ga ƙarfen ba, ruwan kawai zai tafasa. Idan na zaren gilashi ne mai zana suna a kan zobe, haskensa na nanomita 1,064 ne, shuɗin ruwan zai sha wani kaso, zinariya da azurfa da jan ƙarfe su mayar da mafi yawan sauran, kuma an gina shi ne don ya riƙa harba gajerun tartsatsi masu ƙarfi da ke ɓantare ƙarfe, wanda kishiyar abin da kake nema ne. Wanda ya fi kusa da dacewa shi ne ƙaramin mai shuɗin haske na wajen nanomita 450, tun da yana ratsa ruwan salfet kuma jan ƙarfe yana shan sa. Duk da haka, a kan zobe ko sarƙa mai kauri ban ga zai ba ka abin da zai fi fentin rufewa ko alƙalamin rufi na hannu ba, saboda matsalar bazuwar zafi da na bayyana. Shawarata ga aikin yau da kullum ita ce ka tsaya a kan waɗannan biyun.

Idan kuwa gwaji kake so ka yi don ilimi, abin da nake ƙarfafa maka gwiwa a kai, to ka kiyaye abubuwa biyu da ba a wasa da su. Na farko ido: duk lezar da ta haura rabin wat tana cikin aji mafi haɗari, kuma a nan ga fuskar ruwa ga ƙarfe mai sheƙi, kowannensu yana mayar da haske ta inda ba ka zata ba. Ƙiftawa ɗaya ta isa ta ƙona bayan ido, kuma ba ya warkewa. Ka sami tabarau da aka yi domin wannan launin takamaimai, ka rufe wurin aikin da akwati, kada yaran shago su tsaya kallo. Na biyu ruwan gwal: yawancinsa yana ɗauke da sayanaid, wanda idan ya haɗu da asid yake fitar da iskar da ke kisa cikin mintoci, don haka kada ka tafasa shi da leza a cikin shago, kada kuma ka ajiye shi kusa da ruwan jan ƙarfe mai asid. Ka fara da ruwan salfet na jan ƙarfe a faranti mara zurfi, zurfin ruwan a kan kayan kada ya wuce 'yan milimita. Ka yi amfani da siririn ƙarfe ƙwarai, irin fallen nikel ko na ƙarfen da ba ya tsatsa da aka riga aka yi wa ɗan rufin nikel, domin ba sa janye zafi kamar jan ƙarfe. Ka sa wutar waje ƙasa ƙwarai, yadda in ba hasken da ƙyar za ka ga wani abu ya kama cikin minti guda, sannan ka haska ɗigo ɗaya na daƙiƙa 10, wani na 30, wani na 60, ka wanke ka duba da madubin ƙara girma. Tudu mai santsi mai launin jan ƙarfe yana nuna zafin ya yi daidai. Idan ka ga zobe mai rami a tsakiya, to kumfar tafasa ce ta zauna a kan ɗigon ta hana ruwa isa gare shi, sai ka rage ƙarfin hasken ko ka ɗan buɗa faɗinsa ka sake gwadawa.